Sallar da Yazid Ya Yanke

Tun daga ƙofar gida Mashkura ta san ba lafiya. Inna ta amsa sallamarta ciki-ciki, ga kuma Baba, Malam Sale, zaune bakin rumbu a lokacin da ya kamata a ce yana fadama wajen albasarsa.

"Taho nan," in ji shi.

Ta durƙusa gefen tabarma, ko jakar makarantar da take koyarwa ba ta aje ba.

"Yaronga naki na Wurno, Yazid. Ki hwaɗa mai shi aiko a kwashe kayan da sunka kawo. Na janye maganata."

Ta ɗago kai da sauri.

"Baba, mi yay yi?"

"Mi yay yi? Sallah yay yanke! Cikin jam'i, ana tsakiyar azahar, waya tay yi motsi aljihunai, yaz zaro ta yad diba, yab bar sahu da gudu. Alhaji Lauwali na kusa da shi, kahwaɗa da kahwaɗa. Da idonai yag gani."

Ai kuwa dole Alhaji Lauwali ya gani! Dillalin albasa ne na Achida, wanda ya daɗe yana aiko wa Mashkura atamfa tana mayar masa a ƙunshe yadda ta zo. Hanya ce ta bi da shi ta wurin aikin gadar da ake yi can wajen Gandi, ya tsaya ya bi jam'in ma'aikata. Ana sallamewa ya faɗa motarsa, ko addu'a bai tsaya shafawa ba, don ya tsinci abin da ya fi buhun albasa daraja a wurinsa. Bai zame ko'ina ba sai Goronyo, gidan Malam Sale.

"Baba, wallahi Yazid ba shi wasa da sallah. Akwai dalili."

"Dalilin da yah hi Allah?"

Hawaye suka bi kumatunta.

Dama can da ƙyar aka shawo kan tsohon. Ba talauci ya gani ga Yazid ba, ba kuma mugun asali ba. Aikin gini ne kawai ba ya son ko jin sunansa. Babban ɗansa Abdulƙadiri a wurin gini ya rasu a Abuja. Cikin ramin tushe ya faɗa da yamma bayan an tashi aiki, babu wanda ya sani, sai da safe aka same shi. Masu wanka suka ce farcensa duk ya cika da ƙasa, alamar ya daɗe yana ƙoƙarin fitowa. Tun ranar Malam Sale ya yi rantsuwa a tsakar gida, ya ce duk ɗansa da ya sake ɗaukar kwanon siminti, to ya nemi wani uban.

Sai ga shi 'yarsa ta rasa wanda za ta so sai mai hular kwano, ma'aikacin wurin gini.

Amma Yazid ba bulo yake ɗauka ba. Aikinsa shi ne kowa ya koma gida da ƙafafunsa. Kowane lebura a wurin gadar akwai wata 'yar na'ura kamar kwalin ashana maƙale a ƙirjin rigarsa, kuma dukkansu suna magana da wayar Yazid. In mutum ya matsa kusa da katafila tana juyawa, na'urar ta yi masa ƙara, ta yi wa direba. In rana ta fara cin mutum, ta faɗa kafin jiri ya kwashe shi daga kan katako. In ya faɗi, wayar Yazid ta nuna sunansa da daidai inda yake.

Mashkura ba ta manta ranar da ya ba ta labarin makon farko ba, ta yi dariya har da riƙe ciki. Waɗanda suka ƙera abin ba su san sujada ba. Liman na yin kabbara aka kai goshi ƙasa, sai waya ta haukace, wai duk ma'aikata sun faɗi lokaci guda. Manyan kamfanin suka ce abu mai sauƙi, a riƙa kashe ta lokacin sallah. Yazid ya ƙi. Ya ce lokacin sallah ne injuna ke shiru, kowa ya ba rami baya, in wani abu ya sami mutum babu mai gani. Ya zauna ya gyara ta da kansa: wanda ya kai ƙasa ya ɗago, ta yi shiru, wanda ya kai ƙasa ya wuce tsawon sujada bai motsa ba, ta yi kuka.

Wannan labarin ne ma ya sa Malam Sale ya sauko har ya karɓi kayan gaisuwa. Yau kuma ga shi wayar ce ta jawo.

Washegari bayan la'asar Yazid ya zo. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa a zaure. Mashkura ta laɓe bayan ƙyaure.

"Gaskiya na, Baba, na yanke sallah," in ji shi. "Gehen rami yar rubza ma wani ma'aikaci. Ya tahi kama ruwa can baya, ƙasa tar ruhe shi har wuya. Da nij jira sallama, da gawa munka tono."

Malam Sale mutum ne mai karatu, ya san hukuncin ceton rai. Sai dai Alhaji Lauwali ya riga ya zuba masa nasa tun jiya: ya ce za su ƙago labari, kuma leburorin duk yaransa ne, abin da ya ce su faɗa shi za su faɗa.

"To madalla. Wane na? Ɗan wa? Kawo man shi nan, shi dahwa Alƙur'ani shi ce kai kac cece shi. Ba ni son shaidar yaranka. Shi nika so."

Yazid ya sunkuyar da kai.

"Baba, ka gahwarce ni. Ya roƙe ni da girman Allah kar in hwaɗi sunanai, na kuwa ɗaukam mai alkawari."

"Ka ji ko! Mutum anka ceto, amma ba shi da suna. Tashi, yaro. Ranar Juma'a bayan masallaci ka taho da mota ka kwashi kayanku."

Da ya fito, Mashkura ta zagaya ta ƙofar baya ta tare shi gindin dogonyaro. Kunya ta riga ta bar ta.

"Yazid, ka hwaɗi sunan mutumin nan."

"Ba ni iyawa."

"Ko ni ba ka hwaɗa min?"

"Ke musamman."

"Wato alkawarin wani ƙato ya hi nawa? Ni ma alkawari kay yi min! Ka san mi nis sha cikin gidanga kahin Baba shi yarda da kai? Inna ta yi kuka, ni na yi kuka, na bar cin abinci har sai da anka kira gwaggona daga Rabah. Yanzu kuma ka tsaya kana kallona kana ce min ba ka iyawa?"

Idanunsa suka kaɗa suka yi ja. Namiji ne, bai bari sun zubo ba, amma muryarsa ta tona shi.

"Mashkura, Allah shina gani, ban taɓa son wani abu duniya awa yadda nika son ki ba. Amma mutumin nan yana kwance, ƙasa na hita bakinai, yar riƙe hannuna yac ce in na hwaɗa na raba shi da ubanai. In niy yi mai haka yau, gobe ke ma ba ki yarda da maganata."

"To ka bar ni ga Alhaji Lauwali ke nan."

"Kar ki ce haka, don Allah."

"Mi za ni cewa?"

Ya hau mashin ɗinsa ya tafi a hankali kamar mai rakiyar gawa, ita kuwa ta koma ɗaki ta kifa kai a katifa. Haushinsa take ji har cikin ranta, kuma abin takaicin, son nasa ƙaruwa ya yi. Ina za ta sake samun mutumin da zai yarda ya rasa mace a kan maganar da ya yi wa wanda ba ya nan?

Alhaji Lauwali kuwa bai yi sanya ba. Yau buhun shinkafa ya iso, gobe kwandon lemo, wai duk na gaida Inna ne. Baba bai ce wa Mashkura ta aure shi ba, ba ya cikin masu yi wa 'ya'ya dole. Cewa kawai ya yi, "Shi dai wanga ba a taɓa ganin ya bar sahu ba." Ai kuwa wannan ta fi dole ciwo.

Ranar Alhamis ta shiga sashen yayanta Mode don ta duba shi. Kwanaki ke nan yana kwance, wai mashin ne ya kayar da shi a hanyar Gandi, inda ya ce yana taya wani abokinsa sayen wake tun da ambaliya ta cinye masa gona. Matarsa Bara'atu na tsugune tana wanki bayan ɗaki. Da ta ga Mashkura sai ta yi wuf ta tura wata riga ƙarƙashin baho.

Ba ta yi sauri ba. Mashkura ta riga ta ga ruwan wankin ja wur da jar ƙasa, ta ga rigar mai ratsin walƙiya, ta ga ɗan kwalin da ke maƙale a ƙirjinta, gefensa a fashe.

Ta sa hannu ta ciro shi. Bara'atu ta fashe da kuka.

Mode na jingine da bango, ƙirjinsa naɗe da bandeji ƙarƙashin riga. Ƙato ne mai 'ya'ya, amma da ƙanwarsa ta buɗe tafin hannunta a gabansa sai ya kau da kai kamar an kama shi da satar nama.

"Yaya Mode. Mashin na yak kayar da kai ko?"

Ya ci gaba da kallon gefe.

"Yaya, kai na?"

"Rage murya, don Allah, Baba na tsakar gida."

"Kai na cikin ramin?"

"Ni na." Ya dafe bandejin. "Mi kika so in yi, Mashkura? Ruwa ya tahi da gona, ga ɗiya, ga Bara'atu da ciki. In zauna Baba shi ciyar da ni da iyalina? Na je nar roƙi aiki, ban ma san nan Yazid shike ba. Da yag gane ni yac ce in koma gida, nic ce ba ni komawa. Shi yam maƙala min abin nan da hannunai, yac ce ko bayan gida za ni kar in cire shi."

Hawaye suka zubo masa.

"Ban ji komi ba sai duhu. Ƙasa ta danne min ƙirji, in yi kira babu iska. Ina jin liman can nesa yana kabbara, nic ce shi ke nan, yadda Abdulƙadiri yat tahi haka za ni tahiya. Sai nij ji hannun mutum na tonon ƙasa bisa huskata. Da hannu, Mashkura! Ko shebur bai tsaya nema ba. Ki diba yatsunai in kin gane shi."

Ta tuna. Ranar da ya zo, hannunsa na cikin aljihu har ya tafi.

Ta zauna daɓas a ƙasa ta yi kuka mai isarta, shi ma yana yi, Bara'atu na yi daga waje.

"Gobe za shi zo kwasar kaya," in ji ta da ta samu murya.

"Na sani. Kwana nike ban runtsa ba. Amma kin ji rantsuwar Baba da kunnenki. In yas sani, ya sallama ni. Ina za ni sa kaina?"

"Ni ba ni hwaɗa mai, Yaya. Yazid ya rasa ni don ya ruhe maka asiri, ba ni zuwa in ɓata mai abin da yay yi." Ta aje kwalin a kan cinyarsa. "Ga shi nan. Kai ka san abin da ya dace da kai."

Ta fita ba ta waiwayo ba.

Juma'a bayan an sauko masallaci, zauren Malam Sale ya cika. An jera akwatunan gaisuwa a bakin ƙofa. Alhaji Lauwali ya zo da babbar riga sai ƙamshi yake, wai hanya ce ta biyo da shi. Hanyar nan tasa dai ba ta taɓa kuskure ba! Yazid ya iso da motar haya, ya gaida kowa har da Alhajin, ya sunkuya ya ɗauki akwatin farko. A nan ne Mashkura, daga bayan ƙyaure, ta ga yatsun: farce biyu babu, sauran duk a daddauje.

"Aje akwatin nan, Yazid."

Mode ne, dafe da bango, yana jan ƙafa. Yazid ya girgiza masa kai a hankali, alamar ya koma. Bai koma ba. Ya zo gaban mahaifinsa ya durƙusa, ciwo ya sa shi cije leɓe, ya ɗage rigarsa kowa ya ga bandejin.

"Baba, kac ce a kawo maka mutumin. Ga ni. A kawo Alƙur'anin in dahwa."

Kowa ya zuba masa ido.

"Ba mashin ba na. Aikin gada nike yi, na saɓa maka. Ni ƙasa tar ruhe, ni yay yanke sallah dominai. Ni kuma nir roƙe shi shi yi shiru. In za ka kore ni, ka kore ni, na cancanta. Amma wanga bawan Allah bai yi komi ba sai alheri."

Alhaji Lauwali ya gyara zaman hula.

"To, ai Malam, ko da haka na, ni abin da nig gani..."

"Alhaji," in ji Malam Sale ba tare da ya dube shi ba, "kai da kag ga mutum ya bar sahu da gudu, ka bi shi ka ga lahiya?"

Nan take Alhajin ya tuna yana da masu jiransa a Achida.

Tsohon ya daɗe yana kallon ɗansa. Mashkura ta dafe ƙirji, tana jiran kalmar da za ta raba gidan biyu. Sai ya miƙa hannu.

"Mi ka riƙe nan?"

Mode ya sa masa fasasshen kwalin a tafin hannu. Malam Sale ya juya shi, ya kai kusa da ido, ya goge jar ƙasar da ke jikinsa da babban yatsa.

"Wagga 'yar aba ita tak kira ka?"

"Ita ta, Baba," in ji Yazid.

"Ko mutum na cikin rami? Ko an tashi aiki kowa ya watse?"

"Ko'ina shike cikin wurin aikin. In ba ni kusa, tana kiran na biye da ni, in bai ɗauka ba ta kira na gaba. Ba ta yin shiru sai an je."

Tsohon ya damƙe kwalin.

"Da Abdulƙadiri na da ita..."

Yazid ya aje akwatin, ya matso ya durƙusa kusa da Mode. Da wani ne, da ya ce lalle da yana nan da ransa, don ya samu shiga. Shi bai iya wannan ba.

"Kwana na Allah na, Baba. Ban san ko da ya tashi ba. Amma da an ji shi. Da bai kwana shi ɗai ba."

Malam Sale, wanda ko ranar jana'izar ɗansa ba a ga hawayensa ba, ya rufe fuska da hannun riga. Kafaɗunsa suka yi ta girgiza. Daga cikin gida aka ji kukan Inna, don ashe ita ma tana bayan 'yarta a tsaye. Babu wanda ya ce a yi haƙuri, aka bar shi ya yi.

Da ya ɗago, ya share gemu, muryarsa ta dawo irin ta kullum.

"Sallar da kay yanke, ka rama ta?"

"Na rama, Baba. Can asibiti, bayan likita ya ce ya tsira."

"To." Ya juya ga Mode. "Kai kuma, rantsuwa ni niy yi ta, ni za ni yin kahwara, ba ruwanka. In ka warke ka koma aikinka. Amma wallahi in nij ji ka cire abin nan daga ƙirjinka ko da alwala za ka yi, sannan za ka san ina da hushi."

Mode ya kifa kai a gwiwar ubansa.

Direban motar haya, da ya gaji da jira, ya leƙo.

"Malam, a hwara lodi?"

"Lodin mi? A biya ka kuɗin manka ka tahi." Malam Sale ya ɗaga murya ya fuskanci ƙyaure. "Ke kuma da kika laɓe nan tun ɗazu kina tsammani ban gan ki ba, taho ki shigar da kayanki ciki. Ki kawo ma yaronga man zaitun shi shahwa ga hannunai."

Mashkura ta fito da mayafi rufe da rabin fuska, hawaye da dariya sun haɗe mata. Ta sunkuya za ta ɗauki akwatin, Yazid ma ya sunkuya. Ba ta dube shi ba, yatsun kawai take kallo.

"Ban yahe maka ba tukuna," ta ce ƙasa-ƙasa.

"Na sani."

Mode ya miƙa hannu zai karɓi kwalinsa. Tsohon ya janye.

"Yazid shi ba ka sabuwa. Wagga tawa ta."

Ya sa ta a aljihun gaba, inda yake aje hoton Abdulƙadiri, ya dafe wurin da hannu.